KWAMFUTA AKAWU CE: ABIN DA AKA BA TA, SHI TAKE RUBUTAWA

Jawabi ga manoma, masunta da 'yan kasuwar Ngaski, Yauri da Shanga

 

Maganar yau a kan kwamfuta ce, wato na'urar nan da ake kira mai ƙwaƙwalwa. Wani zai ce, "Ina ruwan mai jefa taru da kwamfuta? Ai wannan kayan ma'aikatan ofis ne a Birnin Kebbi." A da, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Yanzu kuwa zamani ya juya. Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi wajen mai POS a kasuwar Wara ya yi hulɗa da kwamfuta. Duk wadda aka ɗauki hoton yatsunta don lambar NIN ta yi hulɗa da kwamfuta. Wayar da ke cikin aljihu ma ƙaramar kwamfuta ce.

To, tun da kuɗin mutum da sunansa sun shiga hannun wannan na'ura, ya kamata ya san yadda take aiki. Abu ɗaya ake so kowa ya riƙe. Kwamfuta akawu ce. Tana da sauri, kuma ba ta gajiya. Amma abin da aka ba ta, shi take rubutawa. In an ba ta daidai, ta fitar da daidai. In an ba ta kuskure, ta fitar da kuskure, asara kuma ta faɗa kan mai dukiya.

AYYUKANTA GUDA HUƊU

Kowa ya san injin casar shinkafa. Ana zuba masa shanshera ta sama. Ya sarrafa ta a cikinsa. Shinkafa ta fito ta ƙasa, ɓuntu ya fita gefe. Daga nan a ɗura a buhu a kai rumbu.

Haka kwamfuta take. Bambancin kawai shi ne, ita bayani ake zuba mata. Bayanin nan yana iya zama haruffa, ko lambobi, ko hoto, ko murya. Ayyukanta huɗu ne: ta karɓa, ta sarrafa, ta ajiye, ta fitar.

Ga misali da na'urar POS. Mai kuɗi ya miƙa katinsa, aka danna N20,000, ya sa lambarsa ta sirri. Wannan shi ne karɓa. Kwamfutar banki ta duba ko lambar daidai ce, ta duba ko kuɗin sun kai, ta ɗebe N20,000. Wannan shi ne sarrafawa. Ta rubuta abin da ya rage a asusun. Wannan shi ne ajiyewa. Sai rasit ya fito, saƙo kuma ya shigo waya. Wannan shi ne fitarwa.

In an zuba wa injin casa shanshera mai tsakuwa, ba zai san ba a so tsakuwar ba. Kwamfuta ma haka.

SASSAN JIKINTA

Kowane aiki daga cikin huɗun nan yana da sashensa.

Na farko, ƙofar shiga. Akwai allon madannai mai ɗauke da haruffa da lambobi. Akwai kyamara mai ɗaukar hoto. Akwai abin ɗaukar murya. Akwai kuma ɗan gilashin da ake ɗora yatsa a kai a banki ko a wurin zaɓe.

Na biyu, ƙwaƙwalwa. Wani ɗan falle ne ƙarami da ke can ciki. Na cikin waya bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ne mai lissafi. Yana yin lissafi sau miliyoyi kafin mutum ya ƙifta ido.

Na uku, ma'ajiya. Ita kuma iri biyu ce. Ta ɗaya kamar tabarmar shanya take. Aikin da ake cikin yi ne kawai ke kanta. Da wuta ta ɗauke, an naɗe tabarma, abin da ke kai ya tafi. Ta biyu kamar rumbu take. Abin da aka zuba a ciki yana nan ko an kashe na'urar. Katin mamori da ake sa wa waya irin wannan rumbu ne. Shi ya sa mai aiki da kwamfuta kan riƙa adana aikinsa a kai a kai, wato yana kwashewa daga tabarma zuwa rumbu.

Na huɗu, ƙofar fita. Akwai gilashin da rubutu da hoto ke bayyana a kai. Akwai lasifika. Akwai firinta, wato na'urar da ke buga rubutu a takarda.

Duk waɗannan sassa ba sa motsi sai da wuta. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, wutar lantarki take samarwa. Duk da haka ƙauyuka da yawa na bakin tafkin da sola ko janareta suke caji. Don haka ɗan kasuwa mai aiki da na'ura ya sa kuɗin caji cikin lissafinsa.

MANHAJA ITA CE MATUƘI

Jirgin ruwa ko ya kai ina kyau, ba ya kai kansa Yauri. Sai da matuƙi wanda ya san hanya. Sassan da aka ambata a sama su ne jirgin. Matuƙin kuwa shi ake kira manhaja.

Manhaja jerin umarni ne da mutane suka rubuta. Tana gaya wa na'ura ta yi kaza, in ta gama ta yi kaza. Akwai babbar manhaja mai kula da na'urar gaba ɗaya, kamar Windows a kwamfutar ofis, ko Android a yawancin manyan wayoyi. Akwai kuma ƙanana, kowace da aikinta. WhatsApp ta aika saƙo ce. Excel ta jera lissafi ce. Bankuna ma suna da tasu.

Ashe ke nan kwamfuta ba aljani ba ce, ba kuma tsafi ba. Mutum ne ya ƙera ta, mutum ne ya rubuta mata umarni.

Abin mamaki ma, a can cikinta abu biyu kawai ta sani: kunne da kashe, kamar fitila. Kunne shi ne 1, kashe shi ne 0. Da waɗannan biyun take haɗa kome. Alal misali, babban harafin A a wurinta shi ne 01000001. Saurinta ne ya sa ba a lura.

DAGA CIKA ƊAKI ZUWA ALJIHU

A 1946 aka nuna wa duniya wata kwamfuta mai suna ENIAC a ƙasar Amurka. Nauyinta ya kai wajen tan 30, ta cika babban ɗaki. A 1981 kamfanin IBM ya fito da wadda ake ɗorawa a kan tebur. A 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Yau wayar da yaro ke riƙe da ita a tashar jirgin ruwa ta fi ENIAC ƙarfin lissafi nesa ba kusa ba.

YADDA KUƊI KE TAFIYA TA WAYA

Kwamfuta ɗaya tana iya magana da wata. In an haɗa su da yawa a duniya, shi ake kira intanet. Dogayen ƙarafan sabis da ake gani a bakin hanya su ne ke ɗaukar saƙo daga waya su miƙa gaba.

A ɗauka wani falke ya loda kifin banda daga Yauri zuwa Anaca. A da, sai ya dawo da kuɗi ɗaure a ƙugu, yana fargabar hanya. Yanzu mai saye yana iya turo kuɗin ta waya. Ga yadda abin ke gudana. Mai saye ya rubuta lambar asusun falke, mai lambobi 10. Sunan mai asusun ya fito. Ya rubuta yawan kuɗi, ya sa lambar sirri. Saƙo ya tafi kwamfutar bankinsa. Ita kuma ta miƙa wa wata babbar kwamfuta mai haɗa bankunan ƙasar nan, ta hukumar NIBSS. Daga nan saƙo ya isa bankin falke. Aka rage a can, aka ƙara a nan.

A lura, babu takardar kuɗi ko ɗaya da ta motsa. Rubutu ne ya canja a littafin akawu biyu. In sabis ya yanke a tsakiya, wani lokaci akan rage a can ba a ƙara a nan ba. Shi ne ake cewa kuɗi sun maƙale. Kuɗin ba su ɓace ba, don kwamfuta ta rubuta kome. Amma mai rasit a hannu shi ne mai hujja idan an je banki.

Mai ƙaramar waya ma yana iya tura kuɗi. Kowane banki yana da gajeriyar lamba da ke farawa da alamar tauraro, ta ƙare da alamar gidan dara. Ba ta bukatar data.

YADDA MASU SANA'A KE AMFANI DA ITA

Banki shi ne na gaba. Asusun kowa a kwamfuta yake. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, mai lambobi 11. An haɗa ta da hoton yatsun mutum da fuskarsa, don kowane banki ya gane shi.

Kamfanonin shinkafa na biye, irin su Labana a Birnin Kebbi, da WACOT wanda aka buɗe a Argungu a 2017. Manyan masana'antu irin waɗannan da na'ura suke auna nauyin kaya da danshin hatsi, su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Manomin da ya iya karanta takardar awo ya san abin da zai karɓa tun kafin a biya shi.

Manyan kantuna kuma suna rubuta kayansu a kwamfuta. Duk abin da aka sayar, ta rage shi daga lissafi. Da kaya sun kusa ƙarewa, mai kanti ya sani. A kantin magani takan nuna wanda kwanansa ya kusa cika.

Fatake na amfani da waya don jin farashi. Mai albasa ya ɗauki hoton buhunansa ya aika wa abokin ciniki a kudu. Su daidaita kafin a ɗauko mota. Wannan ya rage tafiyar ganganci.

Kamun kifi ma bai tsira ba. A shekarun 1990 an yi wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don kyautata kamun kifi a tafkin Kainji. Ma'aikata sun riƙa zagaya ƙauyukan bakin ruwa suna ƙidaya jirage da taruna, suna auna kifin da aka kamo. Dattawan masunta za su tuna da su. An tattara alƙaluman a kwamfuta. Irin wannan lissafi ne ke nuna ko kifi na ƙaruwa ko raguwa, da kuma ɓarnar taru mai ƙananan idanu, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi.

Gwamnati ma ta bi wannan hanya. A 2012 aka fara raba wa manoma takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon waya. Wanda aka rubuta sunansa da lambarsa daidai, saƙo ya same shi. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki a jihar Kebbi. Shi ma sai da asusu da BVN manomi ya shiga. Tun daga 2015 kuma, da kwamfuta yara ke rubuta jarrabawar JAMB.

Sai kuma abin da ya faru a farkon 2023. An canja fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, tsabar kuɗi suka yi wuya. Kaya na ƙasa, masu saye na tsaye, amma babu kuɗi a hannu. Kifi ɗanye kuwa ba ya jira. Wanda ke da asusu, ya kuma iya duba waya, ya ci gaba da ciniki ko da ƙyar. Wanda ba shi da shi ya sayar da araha, ko ya ba da bashi. Darasin wannan lokaci shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

LISSAFIN ƘARAMIN ƊAN KASUWA

Ba sai mutum ya sayi babbar kwamfuta ba. Kusan kowace waya tana da abin lissafi a ciki. Ga misali.

A ɗauka wata mai sana'a ta sayi kwali 10 na kifin banda, kowane N40,000. Kuɗin kaya ya kama N400,000. Ta biya mota N30,000. Ta biya 'yan dako da haraji N10,000. Jimillar abin da ta kashe N440,000 ke nan. Ta sayar da kowane kwali N47,000, ta karɓi N470,000. Ribarta N30,000 ce.

To, in ta manta ba ta sa kuɗin mota da na dako ba fa? Waya za ta nuna mata ribar N70,000. Ta yi murna, ta kashe N70,000. Ashe ta ci N40,000 daga uwar kuɗi. Wayar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta, shi ta lissafa.

Haka zancen sifiri. Tsakanin N5,000 da N50,000 sifiri ɗaya ne kawai. In yatsa ya ƙara shi, na'ura ba za ta ce, "Anya kuwa?" ba. Za ta tura.

ABIN DA BA TA IYAWA

Kwamfuta ba ta san amana ba. Ba ta san wannan ɗa ne, wancan ɓarawo ne ba. Duk wanda ya zo da kati da lambar sirri daidai, a wurinta shi ne mai kuɗi. Saboda haka wanda ya miƙa katinsa, ya kuma faɗi lambarsa da ƙarfi a cikin kasuwa, ya ba da mabuɗin rumbunsa.

Ba ta kuma san mutum ɗaya na iya amsa suna biyu ba. In an rubuta Muhammadu a takardar NIN, aka rubuta Mamman a banki, za ta iya ɗaukarsu mutum biyu. In shekarar haihuwa ta bambanta, haka. Irin wannan ya sa mutane da yawa zirga-zirga kafin a gyara. Tun watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, don haka suna ɗaya ya kamata ya bi mutum ko'ina.

'Yan damfara sun san duk wannan. Wani ya bugo waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a faɗi lamba ba. Wani ya ce an ci tallafi, a turo lambar da ta shigo yanzu. Wani kuma ya ɗauki kaya, ya nuna saƙon ƙarya mai kama da na banki. Gaskiyar magana ita ce, banki ba ya tambayar lambar sirri, ko ta waya, ko a kan kanta.

Na'ura kuma tana lalacewa. Waya kan faɗa ruwa, kan ɓace, kan mutu. Wanda duk lissafin bashinsa ke cikin waya kaɗai, ranar da ta nutse, lissafi ya bi ruwa.

ABUBUWA TAKWAS DA ZA A KIYAYE

1. Lambar sirri ta mutum ɗaya ce. Ya danna da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun. Kada a rubuta ta a jikin kati. Kada a yi ta da shekarar haihuwa ko 1234.

2. Kafin a tura kuɗi, a karanta sunan da ya fito. In ba shi ba ne, a tsaya.

3. A ƙirga sifiri sau biyu kafin a danna.

4. Kada a saki kaya don an ga saƙo a wayar mai saye. Mai kaya ya duba nasa asusun, ya ga kuɗi sun ƙaru.

5. A karɓi rasit, ko ciniki ya yiwu ko bai yiwu ba. Rubutunsa yana gogewa da zafi, don haka a ɗauki hotonsa, ko a kwafe shi a littafi.

6. In waya ko kati ya ɓace, a sanar da banki da kamfanin layi nan take, a rufe.

7. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da BVN da layin waya.

8. A riƙe littafin ciniki. A rubuta abin da aka saya, da abin da aka sayar, da bashi, kowace rana. Waya ta yi lissafi, littafi ya zama shaida.

KAMMALAWA

Duk abubuwa takwas ɗin nan suna komawa ga abu biyu: karanta suna, da gane lamba. Wanda ya iya haruffa da lambobi daga 0 zuwa 9 ya riga ya riƙe linzamin na'ura. Shi zai ba akawu umarni, ya kuma duba aikinsa. Wanda bai iya ba, dole ya nemi mai duba masa, sirrin dukiyarsa kuma ya fita hannunsa.

Wannan magana ta shafi iyaye mata ƙwarai. Su ne masu banda, masu turara shinkafa, masu adashi. Kowace ta yi ƙoƙari ta iya karanta sunanta da yawan kuɗinta a kan gilashin waya. Dattijo ma kada ya ji kunyar tambayar jikansa yadda ake dannawa. Tambaya rabin ilimi ce. Yaro ya nuna hanya, amma lambar sirri ta zauna a zuciyar mai ita.

Aikin gida ga kowa shi ne wannan. A daren yau ya buɗe saƙon banki na ƙarshe da ya shigo wayarsa. Ya nemo abu uku a ciki: nawa aka cire ko aka saka, wace rana, nawa ya rage. Wanda ba shi da asusu ya buɗe abin lissafi, ya haɗa cinikinsa na ranar kasuwar da ta wuce. In abin ya gagara, a kawo shi aji a warware tare.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya tsare dukiyar kowa.